Furotin ɗan Adam a cikin ƙwayar tsutsar masara

Abin da ke hana mai cin goro gyangyaɗi shi ne kafeyin, kuma aikinsa toshe wata kafa ce a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ta wannan kafar ce sinadarin adenosin ke sanar da jiki gajiya. Tun 1929 Drury da Szent-Györgyi suka nuna cewa adenosin yana rage bugun zuciya, daga baya aka gano kafofin nan, wato furotin da ake kira makarɓansa, iri huɗu ne: A1, A2A, A2B da A3. Duk mai neman haɗa maganin da zai taɓa su dole ya samu furotin ɗin a hannu, shi kuwa jiki ɗan kaɗan yake yi. Wannan ce ta haifar da al'adar nomansa a ɗakin gwaji: a ɗauki ƙwayar gadon ɗan Adam, a cusa ta cikin ƙwayoyin wata halitta, su yi ta ƙera shi.

Ƙwayoyin da aka fi dogara da su wajen nazarin siffa, waɗanda ake kira Sf9, asalinsu daga jinsin tsutsar nan ne da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 tana cinye masara. Manomi na tsine mata, masani na ciyar da ƙwayoyinta a kwalba. A cikinsu ne ɗakin gwajin Raymond Stevens na cibiyar Scripps a Amurka ya noma A2A, har ya fitar da siffarsa a 2008.

Sai dai a duba irin aikin da aka yi wa furotin ɗin kafin ya yarda a gan shi. A2A yana da amino asid 412, yana ratsa fatar ƙwaya sau bakwai, kuma da zarar an zare shi daga kitsen da yake zaune ciki sai ya lalace. Don haka aka datse masa wutsiya, kusan amino asid ɗari, aka cire wani lanƙwaso na ciki mai yawan motsi, aka dasa furotin wata ƙwayar cuta a gurbinsa. Masana a Kambirij ta Ingila, da kamfanin Heptares da ya fito daga aikinsu, sun bi wata hanyar: suna sauya amino asid ɗaya bayan ɗaya har sai furotin ya jure zafi ya ƙame a tsayuwa guda. Da haka aka ga kafeyin zaune a gurbinsa a 2011.

A nan nake ganin al'adar na buƙatar tsawa. Kwalba tana ɗauke da sunan furotin ɗan Adam, alhali abin da ke ciki an yi masa aski da kwaskwarima, kamar ragon da aka ɗaure ƙafafunsa don a auna shi, sannan a ce an san gudunsa. Makarɓi aikinsa motsi ne. Yana buɗewa yana rufewa, yana riƙe abokan aikinsa na cikin ƙwaya. Ko a 2012, da aka samu hoto mafi kaifi, sai ga ƙwayar sodiyam da kolestarol maƙale da shi, abubuwan da ke sauya yadda yake karɓar magani. Mai karanta sakamakon gwaji ya kamata ya fara tambaya: cikakke ne ko datsattse, a wace ƙwaya aka noma shi, da wane sabulu aka wanko shi daga fatar ƙwayar?

Duk da haka ba zan ce a koma gwaji kan ɓeraye ba. A3 na ɓera ya sha bamban da na mutum, har wasu sinadaran da ke kama ɗaya ba sa kama ɗayan da kyau, kuma nomammen furotin ne ya tona wannan. Amma kama makarɓi a kwalba bai zama warkar da majinyaci ba. Maganin preladenant ya kama A2A ƙam, ya zo ya faɗi a gwajin mataki na uku kan ciwon Parkinson a 2013. A shekarar ce Japan ta amince da maganin istradefylline, wanda ke toshe wannan makarɓin, Amurka kuwa sai da ta kai 2019 kafin ta bi sahu.