Kama da Wane Ba Ta Wane: Zanen Sauti da Haƙƙin Mallakar Waƙar Baka

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 2007 kamfanin YouTube yake amfani da wata dabara mai suna Content ID domin gane waƙoƙi da finafinan da jama'a suke ɗorawa a dandalinsa, da kuma tantance wanda zai ci moriyarsu. Masana kwamfuta sun kwatanta dabarar da zanen yatsa, domin kamar yadda zanen yatsar mutum yake bambanta shi da sauran mutane, haka kowane sauti da aka naɗa yake da alamomin da za a iya gane shi da su. A nan za a kira waɗannan alamomi zanen sauti.

Manufar wannan maƙala ita ce auna dabarar da ma'aunin waƙar baka ta Hausa, a ga abin da take ganewa da abin da yake kuɓuce mata. An ɗauki waƙoƙin Alhaji Mamman Shata a matsayin misali. An haife shi a Musawa a 1923, ya yi zama mai tsawo a Funtua, ya rasu a Kano a 1999, aka binne shi a Daura. Musawa da Matazu maƙwabta ne, mazaɓarsu ɗaya a Majalisar Wakilai, kuma har yau ana jin muryarsa a gonakin masara da dawa na wannan yanki, da tashoshin mota, da rumfunan cajin waya inda ake tura wa mutane waƙoƙi a memori. Abin da za a nuna shi ne, na'ura tana gane naɗi ne kurum, ba ta san waƙa ba, balle ta san mai ita.

2.0 Yadda Dabarar Take Aiki

Idan aka ba kwamfuta sauti, sai ta yanka shi gutsi-gutsi, kowane yanki bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A cikin kowane yanki sai ta auna kaifi da kaurin amo, ta tsinci wuraren da amon ya fi ƙarfi, ta lura da tazarar da ke tsakaninsu, ta mayar da su lambobi. Waɗannan lambobi su ne zanen sautin. Ana ajiye su a rumbu, duk sabon abin da aka ɗora sai a fitar da nasa zanen a gwada da na rumbun. Hayaniyar mutane ko raunin lasifika ba su cika ɓata gwajin ba, tun da wurare masu ƙarfi ne kaɗai ake riƙewa. Da irin wannan hanya manhajar Shazam, wadda ta fara aiki a Ingila a 2002, take gaya wa mai waya sunan waƙa bayan ta saurari ɗan taƙi daga cikinta.

A YouTube, wanda ya kai naɗi rumbu ya ce nasa ne yana da zaɓi uku a kan duk bidiyon da ya dace da zanensa: ya toshe shi, ko ya bar shi ya riƙa karɓar kuɗin tallar da ke kansa, ko ya riƙa bin diddigin masu kallo. Rahoton da kamfanin ya fitar a kan watanni shida na farkon 2021 ya nuna an yi da'awa fiye da miliyan 700 ta wannan hanya, kusan dukansu na'ura ce ta yi su ba tare da mutum ya duba ba. Waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a cikinsu kimanin kashi 60 cikin 100 wanda ya ɗora bidiyon ne ya yi nasara.

3.0 Inda Dabarar Ta Dace

Ba za a yi wa dabarar adalci ba in ba a faɗi amfaninta ba. Wanda ya san tarihin kaset da faifan CD a ƙasar Hausa ya san yadda kwafar aikin wasu ta yi wa masu fasaha illa, abin da Brian Larkin ya yi nazari a kansa a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano cikin littafinsa na 2008. Bayan kasuwar faifai ta faɗi, masu shirya finafinan Hausa da dama sun koma YouTube, kamar yadda aka ga shirin Izzar So a tashar Bakori TV da shirin Labarina a tashar Saira Movies. Irin wannan aiki yana da uwar kwafi guda ɗaya, da mai shiryawa sananne, da ranar fita. In wani ya kwafe shi ya ɗora a tasharsa, na'ura za ta iya kama shi cikin ɗan lokaci. Haka yake ga mawaƙin sitidiyo. A nan waƙa da naɗinta sun zama abu guda, don haka gane naɗi ya kusa zama gane waƙa.

4.0 Waƙa Daban, Naɗi Daban

Waƙar baka ba haka take ba. Shata ya shahara da tsara waƙa nan take a gaban jama'a, kuma in ya sake rera ta a wani wuri yakan ƙara ɗiya, ya rage wasu, ya ambaci waɗanda suke zaune a wurin. Bakandamiyarsa ma an naɗe ta fiye da sau ɗaya, kuma naɗe-naɗen sun bambanta a tsawo da zubi. Ga Bahaushe mai sauraro, duk Bakandamiya ce, domin gindin waƙar da amshinta da kiɗan kalangunta sun isa shaida. Ga na'ura kuwa, kowane rerawa baƙon abu ne, saboda wuraren ƙarfin amo sun sauya. Ke nan abin da al'ada ta ɗauka guda, na'ura ta rarraba shi. Naɗi ɗaya da ya yi sa'ar shiga rumbu shi zai zama "waƙar", sauran su zama marasa suna.

An ƙara wa Content ID hanyar gane karin waƙa ko da wani ne ya sake rera ta. Wannan ma bai warware matsalar ba, sai dai ya juya ta. Kari a adabin Hausa abin aro ne tun asali. Masana sun nuna cewa Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan Caji, kuma masu bege na Ushaƙu Indiya a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka yi yabon Annabi (SAW) da shi. Ba wanda ya san adabi da zai ce Imfiraji mallakar makaɗan Caji ce. Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane, na'ura kuwa kama ita ce iyakar iliminta.

5.0 Wane ne Mai Ita?

Manomin Matazu ya san cewa ganin mutum yana noma a gona bai nuna gonar tasa ba ce. Mai yiwuwa ɗan ƙodago ne, ko aro aka ba shi, ko jingina, ko gado ne da ba a raba ba. In rikici ya tashi, dattawa da mai unguwa da maƙwabtan iyaka ake nema su ba da shaida. Zanen sauti yana nuna iyakar gona daidai, amma a wajen mallaka maganar wanda ya riga kai naɗi rumbu yake bi.

Naɗi guda na waƙar Shata yana ɗauke da haƙƙoƙi da yawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba mai tsara waƙa kariya har shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Ga Shata ke nan sai ƙarshen 2069, kuma magadansa ne masu cin moriya. Shi kuwa naɗin sauti shekara 50 aka ba shi, don haka faifan da ya fita a 1970 kariyarsa ta ƙare alhali ta waƙar da ke cikinsa tana nan. Dokar ta kuma san haƙƙin masu aiwatarwa, wato inda 'yan amshi da makaɗan kalangu suka shigo. Ga kuma waɗanda suka yi naɗin: kamfanin faifai irin EMI, ko Rediyon Kaduna, ko wani mai rikoda a wurin biki. A al'adance har ubangidan da aka yi wa waƙa, wanda ya ba da doki ko mota, iyalinsa suna ganin waƙar tasu ce. Ba ɗaya daga cikin waɗannan bayanai da ke cikin lambobin zanen sauti.

Wannan giɓi ba zato ba ne. A Amurka an gurfanar da wasu mutum biyu a 2021 bisa zargin sun yi da'awar mallakar waƙoƙin Latin fiye da 50,000 ta kamfaninsu MediaMuv, sun karɓi fiye da dala miliyan 20 daga YouTube cikin 'yan shekaru, kuma an ɗaure su. A 2018 wani malamin kiɗa a Ostireliya ya sami da'awa biyar a kan bidiyon da ba komai cikinsa sai shuuu irin na rediyon da ba ta kama tasha ba. In hakan ta faru inda ake da lauyoyi da rajista, waƙar da ta bi hannu goma daga kaset zuwa memori ta fi zama cikin haɗari. YouTube ba ya buɗe Content ID ga kowa; yawanci sai ta hannun manyan kamfanoni da dillalan rarraba waƙa, kuma hanyar ƙalubalantar da'awa tana bukatar Turanci da sanin doka. Wanda ya riga malam masallaci shi zai karɓi kuɗin talla, a koma ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malamin da ya ɗora darasi da gutsuren waƙa domin ɗalibansa shi ma yana iya tarar an toshe darasin, ko da yake doka ta yi rangwame ga koyarwa da nazari, domin na'ura ba ta san niyya ba.

6.0 Amfanin Dabarar ga Manazarta

Raunin nan da aka ambata, in aka juya shi, alheri ne ga mai nazari. Da yake na'ura tana bambanta rerawa da rerawa, za ta iya yi wa tarin kaset-kaset aikin da mai tahaƙiƙi yake yi wa kwafe-kwafen rubutun ajami: ta ware waɗanda suka fito daga zama ɗaya, ta bar waɗanda rerawa ce dabam. Da haka za a san rerawa nawa ake da su na kowace waƙa, a jera su, a ga yadda ɗiyan waƙa suka riƙa sauyawa. Sai dai a lura, kaset ɗin da aka yi ta kwafa gudunsa yakan canza, wannan kuwa yana iya rikita gwaji, don haka kunnen masani ba zai huta ba.

Aikin ya dace da cibiyoyin da suka daɗe suna adana kayan tarihi da adabi, kamar cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, tare da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da iyalan makaɗa. Abin da ake bukata shi ne rajista wadda za ta haɗa kowane zanen sauti da bayaninsa: makaɗi, 'yan amshi, wanda aka yi wa waƙa, wuri, shekara, da wanda ya naɗa. An yi share fage da littafin Shata Ikon Allah na 2006, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta. Sauran bayanan suna bakin dattawan Musawa da Matazu da Bakori da Funtua waɗanda suka halarci wasannin, kuma kullum raguwa suke yi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa zanen sauti yana amsa tambaya ɗaya da kyau, wato ko wannan naɗi shi ne wancan. Tambayar ko waƙa ɗaya ce ta manazarcin adabi ce, tambayar mallaka kuwa ta shari'a da shaidu ce. Kuskuren da ake yi a dandalin intanet shi ne ɗaukar amsar farko a matsayin amsar duka ukun. In masana Hausa ba su rubuta shaidar da ke hannunsu ba tun masu ba da ita suna raye, rumbun kamfanoni zai cika da da'awar wanda ya riga zuwa, kuma ita za a riƙa bi wajen raba kuɗin waƙoƙin Shata da na sauran makaɗan ƙasar Hausa.