Mayyar da Ba Ta Cin Kurwa

Kalmar da ke fara tsaya wa Bahaushe a maƙogwaro idan ya ɗauki irin littattafan da zan yi magana a kansu ita ce "mayya". A wurinmu mayya kurwa take kamawa. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, ya fara sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, shi ke nan an sa ta a baki, wataƙila har a matsa mata sai ta tsallake shi. To ga wani reshe na adabin Ingilishi da ya yi tashe daga 2020 zuwa yau, jarumarsa mayya ce, amma aikinta dafa shayi, renon ganyayyaki a bayan gida, da neman inda za ta sa haƙarƙarinta ba tare da fargaba ba. Masu shi suna kiransa cozy fantasy, wato labarin tsafi mai kwantar da hankali. Babu yaƙi, babu azzalumin da ke shirin tashin duniya, kuma tun shafin farko mai karatu ya san da daɗi za a rabu.

Littafin da ya fi nuna fuskar wannan reshe shi ne The Very Secret Society of Irregular Witches na Sangu Mandanna, 'yar asalin Indiya mazauniyar Ingila, wanda ya fito a 2022. Jarumarsa Mika Moon marainiya ce, kamar kowace mayya a duniyar littafin, domin wata tsohuwar la'ana tana ɗauke iyayensu tun suna jarirai. An kuma kafa musu doka: kada su zauna wuri ɗaya, don idan tsafi ya taru asiri zai tonu. Sau ɗaya a wata uku suke haɗuwa, su gaisa, kowacce ta kama gabanta. Mika ta girma a hannun masu reno da ake sauyawa da zarar sun ga abin da bai kamata ba, ta kuma saba da tattara komatsanta duk bayan 'yan watanni. Sai aka gayyace ta wani keɓaɓɓen gida a Norfolk ta koyar da yara mata uku, Rosetta da Terracotta da Altamira, marayu daga ƙasashe daban-daban. A gidan ne ta haɗu da Jamie, mai kula da ɗakin littattafai, mutum mai ɗaure fuska wanda tsoron abin da zai sami yaran ya sa ya ƙi ta da farko.

Kowa ya san inda ƙiyayyar Jamie za ta ƙare, saboda haka ba soyayyar ce ke riƙe mai karatu ba. Abin da ke riƙe shi ƙananan abubuwa ne: mace mai shekara talatin da ɗoriya da ba ta taɓa sanin ana jiran mutum a zauna cin abinci ba, yau an ajiye mata kujera. Yarinyar da ta yi mata barazanar kisa ranar da ta zo, ta dawo tana raɓe a jikinta. Ni a karatuna, tsafin nan lulluɓi ne kawai, kaɗaici ne ainihin maganar. Mayya a nan tana tsaye ne a madadin duk wanda ya koyi ɓoye wani ɓangare na kansa don a bar shi ya zauna cikin mutane.

Zaɓen mayya bai zo a banza ba. A gabashin Ingila, har da Norfolk ɗin nan, Matthew Hopkins ya yi farautar mayu daga 1645, aka rataye mata da dama. Littafin Mandanna na gaba, A Witch's Guide to Magical Innkeeping na 2025, a Lancashire yake, yankin da aka rataye mutum goma bayan shari'ar Pendle ta 1612, akasarinsu mata. Sai a 1951 aka soke dokar maita ta ƙarshe a ƙasar. Marubutan yau suna ɗauko matar da aka kora bayan gari ne su mayar da ita tsakar gida, su miƙa mata ludayi.

Salon yana da iyaye: Kiki's Delivery Service na Eiko Kadono a Japan a 1985, da Practical Magic na Alice Hoffman a Amurka a 1995. Amma kullen korona ne ya buɗe masa kasuwa, masu tallan littafi a TikTok suka ƙarasa aikin. Legends & Lattes na Travis Baldree, labarin mayaƙiyar da ta rataye takobi ta buɗe shagon kofi, da kansa ya wallafa shi a 2022 kafin kamfanin Tor ya saye shi. A The Spellshop na Sarah Beth Durst, 2024, ma'aikaciyar laburare ce ta tsere daga birnin da ke ci da wuta ta koma tsibirinsu tana sayar da jam.

Inda nake da ja shi ne arhar zumuncin. Mu da muka san riƙo, muka san agola, mun san gidan da ya karɓi ɗan wani ba ya rasa gori, ba ya rasa ranar da za a tuna wa mutum cewa ba nan aka haife shi ba. Dangin da ake zaɓa a waɗannan littattafai kusan ba su da wannan ɗacin. Ko a littafin Mandanna, mutanen gidan sun ɓoye wa Mika cewa mai gidan ta riga ta rasu, suka jawo ta cikin shirinsu ba da saninta ba. Wannan cin amana ne ga wadda duk rayuwarta amana take nema, amma cikin 'yan babuka aka yafe aka wuce. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa tana gajiya. Marubutan suna tsallake gajiyar don kada su ɓata wa mai karatu rai.

Duk da haka akwai abin da suka iya wanda ya kamata marubutan soyayya na Kano su duba. A yawancin labaranmu, marainiyar da ta sha wuya a hannun kishiyar uwa miji mai hali ne ke ceto ta, shi kaɗai. A nan gida guda ne ke warkar da ita: tsofaffi, yara, mai aikin gida, har kare. Masoyin ɗaya ne daga cikinsu.

Tsafin waɗannan littattafai ba na yanka ko bautar iska ba ne, abu ne da ake haifar mutum da shi kamar yadda ake haifar bahago, mai karatu Musulmi kuma ya san matsayin sihiri a addininsa. Bangonsu mai furanni da butar shayi yakan sa a zaci na yara ne, alhali na manya ne, wasu da zancen shimfiɗa a fili da zamantakewar da ba irin tamu ba. Iyaye, ku karanta tukuna kafin ku miƙa wa 'ya'yanku.