Hannun Shuka: Gwanintar Rainon Tsiro a Gidajen Attantane

A ƙasar Mayahi damina gajera ce. Ruwa kan sauka wajen watan Yuni, kafin Satumba ya fita ya ɗauke, kuma abin da ake samu a shekara da wuya ya haura milimita 500. Daga nan sai hunturu da hazonsa, sai bazara mai zafin da kan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Ƙasar kuma jigawa ce, rairayi mai shanye ruwa nan take. Duk da haka, wanda ya yi sallama a wasu gidajen Attantane, ko na ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa, a tsakiyar bazara, zai tarar da wani lungu kore shar: zogale kusa da makewayi, lalle a jikin danga, na'a-na'a cikin tsohuwar kwatarniya, zabuwa a fasasshiyar tukunya. Matar da ke da irin wannan lungu akan ce tana da hannun shuka. Wasu sun ɗauka baiwa ce kurum. Amma in aka natsu aka lura da yadda take aikinta, za a ga ilimi ne mai ƙa'ida, wanda kowa zai iya koya.

Aikin yana farawa daga mazubi. Gwanar ba ta jefar da randar da ta tsage ko tukunyar da bakinta ya ɓalle, domin ta san yumɓu ya fi gwangwani da roba. Kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha ta hanyar tsattsafo, haka tukunyar ƙasa ke sanyaya saiwa, ta kuma bar iska ta shiga. Gwangwani kuwa in rana ta buge shi, dafa saiwar yake yi. In babu tukunya sai yankakkiyar jarka, to, a ajiye ta inda rana ba za ta gasa gefenta ba. Ko wane iri ne mazubin, dole a huda gindinsa, a ɗora tsingaro a kan hudar don ruwa ya fita, ƙasa ta zauna.

Ƙasar ma haɗa ta ake yi. Rairayi zalla ba ya riƙe ruwa, laka zalla kuma tana shaƙe saiwa. Sai a ɗebo rairayi, a gauraya da ruɓaɓɓen takin turke wanda ya daɗe har warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙone ƙaramar shuka, ya kuma jawo tsutsa. A saman ƙasar akan baza ƙaiƙayin gero ko ɓawon gyaɗa, don kada rana da iska su tsotse danshin.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wajen ban ruwa. A garin da ruwa sai an ja guga daga rijiya mai zurfi, ko an bi layin famfo da jarka, ba a zubar da ko moɗa ɗaya a banza. Ƙasari na dabbobi ne, amma ruwan alwala, da na ɗaurayar kwanoni, da na wankin ganyen miya, duk gindin shuka suke tafiya. Ruwan wankin tufafi mai garin sabulu kuwa ba a kai shi kusa da tukunya, saboda gishirin da ke cikinsa yana taruwa ya ƙone saiwa. Alamarsa ita ce farin ɓawo a saman ƙasa da bakin tukunya. In an ga haka, sai a kankare saman, a kwarara ruwa mai kyau har ya fito ta hudar gindi.

Abin da sabon shiga bai cika yarda da shi ba shi ne, shukar tukunya ta fi mutuwa da yawan ruwa a kan ƙishi. Saiwa tana numfashi. In ta kwana ta wuni cikin caɓi sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai shi ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa, ya ida kashe ta. Gwanar ba ta bin lissafin kwanaki. Yatsa take tsomawa cikin ƙasa: in ta ji danshi a ƙasan gaɓar farko, ta bari sai gobe. Da bazara takan ba na'a-na'a da ɗoɗɗoya ruwa da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Da hunturu ta rage, domin tsiro yana lafawa. Ga itacen da aka dasa a ƙasa, akwai dabarar binne ƙaramin tulu kusa da gindinsa, a cika shi, a rufe bakinsa, ruwan ya dinga tsattsafowa a hankali zuwa saiwa.

Sai maganar haske. Ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga duhu ne a wurin shuka, ko da idon mutum yana gani sarai. Shi ya sa zogale da lalle ba su da wurin zama sai fili. Wadda ta fi haƙuri da ɗaki ita ce moda, mai miƙaƙƙen ganye mai zane-zane, wadda mutanen zamanin da ke saɓar zarenta su yi igiya da tsirkiyar baka. Moda ƴar asalin Afirka ce, ga ta yau ana sayar da ita a tukwane a Faransa da Amurka don ƙawata ofis da falo. Sirrin juriyarta shi ne, ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyenta da dare suke buɗewa, da rana su rufe, don haka ba ta yawan asarar ruwa. Zabuwa ma haka take, sai dai ta fi son haske, shi ya sa bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa ya fi mata. Su biyun ba a ba su ruwa sai ƙasarsu ta bushe ƙayau. Ƙariya kuwa, mai kumburarren gindin da take taskace ruwa a ciki, rana take so, kuma da rani take yin furenta ja-ja. Amma ƙaronta dafi ne. Gidan da ke da yara ƙanana da awaki sai a yi nesa da ita.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ganye ma ba ya sauya kama banza. Ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, gindi ya yi laushi: ruwa ya yi yawa. Bakin ganye ya ƙone: zafi ne ko gishiri. Shuka ta yi tsawo siririya, ta karkata wajen taga: haske take nema, a fitar da ita sannu a hankali, kada a jefa ta cikin ranar tsaka kai-tsaye. Ƙurar hunturu ta lulluɓe ganye: a goge da jiƙaƙƙen tsumma. In darɓa ta kama toho, akan daka ƴaƴan bedi ko ganyensa, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Don gara kuma akan zagaye gindi da toka, a ɗora tukunyar a kan dutse ko bulo. Babban ɓarawon dai akuya ce, maganinta kuwa ƙaya da darni.

Irin shuka ba a cika sayensa ba, roƙo ake yi. "Inna, a ɗan yankar mini reshen lallen nan," in ji amaryar maƙwabta, sai a yanka mata, a haɗa da bayanin yadda za ta yi. Zabuwa ana cire ƴaƴan da suka fito a gindinta. Moda ana raba saiwarta, a bar yankan ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a dasa, don kada ya ruɓe. Na'a-na'a reshe ɗaya ya isa. Zogale kan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu, kuma in ya kai ƙirjin mutum sai a datse kansa don ya yi rassa, ganye ya yawaita inda hannu zai kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ido mai lura da tsiro ba baƙo ba ne a jihar Maraɗi. Tun cikin shekarun 1980 manoman yankin suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututturen gawo da kalgo da sabara a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su sassabe sauran, har miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar. Abin da maza ke yi a gona, shi mata ke yi a tsakar gida, da ɗan ruwan da ya rage a buta.

Ribar kuwa a fili take: kwaɗon zogale lokacin da ganye ya yi tsada a kasuwa, lallen sallah da na biki, na'a-na'ar shayi, da inuwar da yara za su zauna. Duk gidan da ke da tsohuwa mai wannan sani, a tura ƴan mata su tsaya kusa da ita su koya tun tana da ƙarfi. Wanda kuma bai taɓa gwadawa ba, ya nemi fasasshiyar tukunya ɗaya, ya huda gindinta, ya roƙi ɗan zabuwa a maƙwabta, ya fara da ita a wannan shekara.