Gwanin Rajista

A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, ma'aikaci kan yi ritaya in ya cika shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa. Ranar nan ba a tambayarsa irin wahalar da ya sha, fayil ɗinsa ake buɗewa: takardar kama aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma. In aka rasa guda, garatuti da fansho sun maƙale. Shi ya sa ma'aikatar da ta san ciwon kanta ba ta jefa kowane kara da kiyashi a rajista, wato ofishin ajiyar fayil-fayil.

Takardar makaranta dai ana dubawa, kuma akwai masu digiri a fannin laburare da adana bayanai daga Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero. Amma tsofaffin hannu a teburin tantancewa tambaya ɗaya suka fi so: fayil ya fita tun makon jiya, yanzu yana ina?

A amsar nan gwaninta take. Wasiƙa ta shigo, gwani zai buga mata hatimin kwanan wata, ya shigar da ita littafi, ya gane fayil ɗin da ya dace da ita ba tare da ya buɗe sabo don lalaci ba. Sai ya soke ta da igiya, ya sa mata lamba a kusurwar sama. Wannan 'yar lambar ita ce ɗan sandan fayil: in wani ya zare shafi na 47 cikin dare, tsallen da aka yi daga 46 zuwa 48 zai tona shi. Fayil kuwa ba ya ƙetare ƙofa sai an rubuta wanda ya karɓa da ranar, ko da babban sakatare ne ya aiko masinja yana gaggawa. A nan ake gane mai ƙashi a wuya, don ba ƙaramin akawu ke iya ce wa ɗan aiken oga ya sa hannu tukuna ba. In darakta ya rubuta B.U. (wato a dawo masa da fayil) da kwanan wata, ranar na yi fayil ya koma teburinsa, ko shi ya manta.

Sai riƙon baki. Akwai rajista ta kowa, akwai ta sirri, kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan. A gefe guda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai nema. Mutum ɗaya ake so ya san abin da za a rufe da wanda dole a fitar.

Haka ma zubarwa. Takardar neman hutu ba ta kai a ajiye ta har abada ba, amma wata ta tarihi ce, makomarta ma'adanar takardu ta ƙasa da Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954. A reshenta na Kaduna masu bincike ke karanta rahotannin harajin gundumomi na zamanin Turawa, saboda wasu akawuna sun jera su daidai.

Yau ana ƙara sharaɗin iya kwamfuta, tunda ma'aikatu na ɗaukar hoton takardu suna zubawa a na'ura. Sai dai takardar da aka adana da sunan da ba nata ba ta ɓata ke nan, don haka wanda ya ƙware a jeren fayil na takarda shi ake fara zaunarwa gaban na'urar.