Kada a Sayar wa 'Yan Gwangwan Lagireton Akori-Kura

Har gobe akori-kura, wato Peugeot 404 da ƙanwarta 504 masu buɗaɗɗen baya, tana kwaso hatsi da awaki daga kasuwannin ƙauye, duk da cewa kamfanin PAN, wanda ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ya daɗe da daina fitar da ita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani yayi da ya shigo garejinmu. Da zarar lagireto ya fara yoyo, sai ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, a yar da wannan kawai, a sa na zamani." Na zamanin nan shi ne na alminiyam mai kan roba. Tsohon kuwa, na jan ƙarfe da tagulla, sai a ɗora shi a sikelin 'yan gwangwan.

Ba na musun cewa alminiyam yana da nasa alherin. Ba shi da nauyi, bututunsa sun fi faɗi, kuma sabo fil yana sanyaya inji sosai. Jan ƙarfe ya fi shi saurin ɗauke zafi, amma dalmar da ake liƙe shi da ita tana rage masa wannan fifiko. A nan kusan kunnen doki suka yi.

Inda suka rabu shi ne ranar da abu ya lalace. Kan robar nan matse shi aka yi da 'yan haƙoran ƙarfe a kan zoben roba. Zafin watan Afrilu, mai haura digiri 40, da girgizar hanyar burji suke busar da shi har ya tsage, galibi a wuyan da mesa ke shiga. In ya tsage, sai dai a shafa masa gam, gam kuwa ba ya kai mutum nesa. Na tagulla fa? Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tsaya kan mai gyaran lagireto. Zai narkar da dalma ya ɗage kan, ya zura siririn ƙarfe cikin bututu ɗaya bayan ɗaya yana fitar da tsatsa da laka, ya mayar ya liƙe. Sannan ya toshe bakunan, ya hura iska, ya tsoma shi cikin ruwa yana duban inda kumfa za ta taso. In cikin ya ruɓe gaba ɗaya, ana sa sabon ciki a bar kan asali, wanda ƙusoshinsa da bakin mesarsa suka dace da motar ba sai an yi walda ba.

Sai maganar ruwa, wadda masu tallar sabon ba sa ɗagowa. Direbanmu ruwan rijiya ko na burtsatse yake ɗurawa, ba ruwan sanyaya inji na kanti ba. Irin wannan ruwa yana barin farin gishiri a bututu, kuma ya fi saurin cin alminiyam, balle a injin da gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce mai zubar da tsatsa. Wanda ya san ba zai riƙa sayen ruwan kanti ba, bai kamata ya kusanci na alminiyam ba.

Kuma sau da yawa lagireton ba shi da laifi. Murfin da ya daina riƙe iska yana sa ruwa tafasa da wuri. Haka fambel da ya saki, ko famfon ruwa da ya gaji. A duba waɗannan tukuna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu sana'ar su kansu. Yawancin waɗanda suka iya riƙe wuta da dalma sun manyanta, yara kuma ba za su zauna koyon aikin da ba a kawowa ba. In tsohon lagiretonka ya wuce gyara, nemi na gwanjo na tagulla daga wata 504, ka kai wa mai gyara ya gwada shi cikin ruwa kafin ka biya.