3.4 Matsalar Fassara Kalmar "Taiga" da "Damisa"

A makarantun ƙananan yara na birnin Sakkwato, irin waɗanda ke Sama Road, akan nuna wa yaro hoton taiga a allon koyon baƙaƙen Turanci, a ce masa sunanta da Hausa damisa. A ra'ayin mai wannan bincike, wannan fassara tana da rauni.

Dalili na farko shi ne dabbobin biyu ba ɗaya ba ne. Bargery (1934) ya nuna cewa damisa ita ce dabbar nan mai rodi-rodi wadda Bahaushe ya sani a dazuzzukan ƙasarsa, har ya yi mata kirari da "damisa ƙi sabo". Ita kuwa taiga ratsi-ratsi ne a jikinta, ta fi damisa girma nesa ba kusa ba, kuma ba a samun ta a dajin Afirka, sai a Asiya, musamman Indiya.

Dalili na biyu shi ne asalin kalmar. Turanci ya aro ta daga Faransanci da Latin, su kuma daga Girkanci "tigris". Masana da dama suna danganta ta da wata tsohuwar kalmar harsunan Farisa mai ma'anar kibiya ko abu mai tsini. Wato ke nan Bature ma bai san dabbar a ƙasarsa ba, aron sunan ya yi.

Idan aka duba wasu harsuna, za a ga ruɗanin bai tsaya ga Hausa ba. Larabci yakan kira dabbobin biyu "namir", amma yana da "babr", wadda ya aro daga Farisanci, don keɓe taiga. Yarbanci ma yakan haɗe su a "ekun". Swahili ne ya samu mafita mai kyau, inda yake kiran damisa "chui", taiga kuwa "chui milia", wato damisa mai ratsi.

Illar wannan ruɗani ita ce, damisa ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa, yaro bai taɓa ganin ta ba. Saboda haka idan ya ji kirarinta, hoton baƙuwar dabba ce za ta zo masa a zuciya. Ya kamata malamai da masu fassara su bar wa damisa sunanta, su riƙa kiran ɗayar "taiga" ko "damisar Asiya mai ratsi".