Tsokaci kan Manhajar Nazarin Kafofin Watsa Labarai ta A-level a Ingila

A Ingila, ɗalibi mai shekara 16 da ya gama jarrabawar GCSE yakan zaɓi darussa uku, wani lokaci huɗu, ya shekara biyu a kansu kafin ya nemi shiga jami'a. Wannan mataki shi ake kira A-level. Ya yi kusa da ajujuwan ƙarshe na lise kafin jarrabawar BAC, sai dai darussansa ba su kai na lise yawa ba. Daga cikin abin da ɗalibi zai iya zaɓa akwai nazarin kafofin watsa labarai. Wannan takarda za ta duba manhajar darasin da Ma'aikatar Ilimi ta Ingila ta fitar a 2016, wadda aka fara koyarwa a 2017, aka yi jarrabawarta ta farko a 2019. Dalilin kawo ta gaban ɗaliban harshe shi ne, kashi mai tsoka na abin da ta ƙunsa aikinmu ne, wato feɗe matani a ga yadda ya ƙulla ma'anarsa.

Darasin ya daɗe yana shan gori. Tushensa ma kansa da tsoro aka kafa shi. A 1933 F. R. Leavis da Denys Thompson suka wallafa Culture and Environment, inda suka so a nuna wa yara tallace-tallace da jaridun kasuwa domin a yi musu rigakafinsu, kamar yadda ake yi wa cuta. Sai daga baya, musamman bayan littafin Len Masterman na 1985, Teaching the Media, aka karkata zuwa ga fahimtar yadda saƙo yake aiki. Duk da haka sunan "darasin malalata" bai sake shi ba. A 2011 ƙungiyar manyan jami'o'i ta Russell Group ta fitar da jerin darussan da ta ce sun fi buɗe ƙofar jami'a, irin su lissafi, tarihi da harsuna, kuma babu wannan darasi a ciki. An janye jerin a 2019, amma kafin nan an riga an rubuta sabuwar manhaja a ƙarƙashin inuwarsa.

Manhajar ta tsaya kan ginshiƙai huɗu: harshen kafofin, yadda suke siffanta mutane da al'amura, masana'antun da ke samar da su, da kuma masu karɓar saƙon. Ta wajabta a taɓa nau'i tara, daga jarida, mujalla, rediyo da talabijin har zuwa wasannin kwamfuta da bidiyon waƙa. Hukumomin jarrabawa uku, AQA, OCR da Eduqas, kowace tana zaɓen matanonin da ɗalibanta za su nazarta. Har nan babu abin zargi.

Inda take da ƙarfi shi ne ginshiƙi na farko. A ɗauki misalin Roland Barthes, wanda yake cikin manhajar. A littafinsa Mythologies na 1957 ya feɗe bangon wata mujallar Paris Match mai ɗauke da hoton wani matashi baƙar fata, cikin kakin sojan Faransa, yana sara wa tuta. Ma'ana ta zahiri ita ce yaro yana gaisuwar soja. A ƙarƙashinta kuwa akwai wata ma'anar da ba a furta ba: cewa Faransa babbar daula ce, kuma talakawanta na kowane launi suna yi mata biyayya da son ransu. Hoton bai yi ƙarya ba, bai kuma yi gardama ba. Ya dai sa mulkin mallaka ya zama kamar abin da aka halicci duniya da shi. Ɗalibin da ya iya wannan karatu yana ɗan shekara 17 ya sami makami. Haka nan ra'in Stuart Hall na 1973, wanda ya nuna mai karɓar saƙo yana iya amincewa da ma'anar da aka nufa, ko ya karɓi wani sashe ya bar wani, ko ya juya ta gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ake sauraron labaran rediyo da yamma ya ga ukun nan a kan tabarma ɗaya.

Matsalar tana ga yadda aka jera waɗannan masana. Manhajar ta ambaci ra'i 19 da sunayen masu su, ta ce dole ɗalibi ya san su duka: Todorov kan zubin labari, Lévi-Strauss kan kishiyoyi, Baudrillard, Judith Butler, bell hooks, Paul Gilroy, Henry Jenkins, da sauransu. A ganina an yi haka ne don a nuna wa masu gori cewa darasin yana da wuya, ba don ɗalibi yana bukatarsa ba. Wa zai karanta Butler da Baudrillard a shekara biyu, ga wasu darussa biyu a kansa? Abin da ke faruwa shi ne a matse kowane masani ya koma layi uku ko huɗu na hadda, ɗalibi ya liƙa sunan a kan kowane matani ya sami maki. An kuma zuba su a kwando ɗaya kamar ba su saba wa juna ba. Gwajin Albert Bandura na 1961, inda yara suka kwaikwayi babba suna dukan ƴar tsana, ya ɗauki mai kallo a matsayin wanda ake zuba wa hali. Hall ya gina ra'insa ne don ya rusa irin wannan tunani. Wannan gardama ita ce zuciyar fannin, amma jerin sunaye ba ya nuna ta. David Buckingham, ɗaya daga cikin manyan masana koyar da fannin a Ingila, ya soki wannan tsari tun ana tsara shi. Abin lura kuma, a cikin jerin babu masani ko ɗaya daga Afirka ko Asiya.

Wani abin mamaki shi ne matsayin fim. Domin kada darasin ya shiga gonar nazarin fim, wanda yake da tasa jarrabawar daban, an ce a duba fim ta fuskar masana'anta kawai. Ke nan ɗalibin Eduqas da aka ba Black Panther na 2018 zai yi bayanin wanda ya zuba kuɗi da yadda aka tallata shi, amma ba a tambayarsa yadda fim ɗin ya siffanta Afirka, alhali Hall da Gilroy suna nan cikin jakarsa.

Sai aikin hannu. A da, a wasu hukumomin, rabin maki yana fitowa ne daga abin da ɗalibai suka shirya da kansu, sau da yawa a ƙungiya. Sabuwar manhaja ta mai da shi kashi 30 cikin 100, ta ce kowa ya yi nasa shi kaɗai, sauran 70 kuma rubutacciyar jarrabawa. Wannan ragi ya fi damuna. Malamin harshe ya san ba a ƙware a karatun waƙa kamar wanda ya taɓa fama da amsa-amo da kansa. Haka wanda ya zauna da hotuna goma ya zaɓi ɗaya don bangon mujalla, ya yanke gefensa, ya sauya kanun labari sau biyar kafin ya dace da faɗin shafi, ya gane da hannunsa cewa kowane labari zaɓe ne. Jarida da shirin rediyo kuwa ba mutum ɗaya ke yin su ba. Akwai edita, mai ɗaukar hoto da mai gyaran murya, kuma a jayayyarsu ake yanke abin da zai fita.